Matakan Tunkarar Ciwon Damuwa ta Hanyar Gyara Barci, Motsi, Abinci da Mu'amala

Ciwon damuwa ba ɗaya yake da ɓacin ran da kan sami kowa idan ya yi rashi ko ya gamu da asara ba. Ɓacin rai yakan zo ya wuce, kuma ko a tsakiyarsa mutum yana iya yin dariya idan abin dariya ya gifta. Shi kuwa ciwon damuwa zama yake yi daram: mutum ya wuni cikin ƙunci kusan kowace rana har tsawon mako biyu ko fiye, abubuwan da a da suke faranta masa rai su daina yi masa armashi, barcinsa da cin abincinsa su rikice, jikinsa ya mutu, tunaninsa ya yi nauyi, har ya riƙa ganin ya zame wa iyalinsa kaya. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, mutane kimanin miliyan 280 ne ke fama da shi, ciki har da kusan kashi 5 cikin 100 na manya, kuma ya fi kama mata fiye da maza.

Da zarar an ambaci hanyoyin da ba na ƙwayar magani ba, hankalin mutane da yawa yakan tafi ga ganyayyaki da kwalaben ƙarin sinadarai da ake tallatawa. Amma abubuwan da bincike ya fi ƙarfafawa su ne waɗanda ba a sayarwa: tashi a kan lokaci, hasken safiya, motsa jiki, komawa ga ayyukan da aka watsar, da zama cikin mutane. Hukumar NICE, wadda ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta sanya irin waɗannan hanyoyi a sahun gaba ga mai ciwon da bai yi tsanani ba a ƙa'idarta ta 2022. Sharaɗin amfaninsu shi ne a yi su da adadi da lokaci, a kuma auna sakamakon, kamar yadda ake bin takardar magani.

Mataki na farko: sanin girman ciwon

Kafin ka canza komai a rayuwarka, wajibi ne ka san inda ciwon ya kai, domin abin da ke isar mai ƙaramin ciwo ba ya isar wanda ciwon ya yi wa katutu. Ma'aikatan lafiya a ƙasashe da yawa suna amfani da wata takardar tambayoyi tara mai suna PHQ-9, wadda ke tambayar yadda mutum ya kasance a mako biyun da suka gabata, kowace tambaya da maki daga 0 zuwa 3, jimla 27. Maki 5 zuwa 9 na nuna ƙaramin ciwo, 10 zuwa 14 matsakaici, 15 zuwa 19 wanda ya fara tsanani, 20 zuwa sama kuwa mai tsanani. Takardar ba ta maye gurbin likita, amma tana ba ka lambar da za ka dawo ka kwatanta da ita bayan wata guda, abin da mai damuwa ba ya iya yi da ƙwaƙwalwarsa kaɗai, tunda a ranar da ransa ya ɓaci gani yake kullum haka yake.

Akwai alamomin da idan sun bayyana ba a tsayawa gwada komai a gida. Idan mutum yana tunanin kashe kansa, ko ya fara shirya yadda zai yi, ko ya daina ci da sha, ko yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, to a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai, kuma a kawar da magunguna da guba da makamai daga inda hannunsa zai kai. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta dasa masa wannan tunani, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa, saboda ya sami wanda zai faɗa wa.

Ko babu waɗannan alamomi, ziyara ɗaya wurin likita tana da amfani saboda dalilai biyu. Na farko, wasu cututtukan jiki suna kama da ciwon damuwa ko su ƙara shi: ƙarancin jini, ƙarancin bitamin B12, raunin ƙwayar tayirod da ke gaban wuya, ɗaukewar numfashi a cikin barci, da illar wasu magunguna irin na sitiroyid. Yawancinsu gwajin jini ko 'yan tambayoyi ne ke gano su. Na biyu, idan ka taɓa yin kwanaki kana jin ƙarfi fiye da kima, barci kaɗan ya ishe ka, magana ba birki, kashe kuɗi ba lissafi, to lallai ka faɗa, domin wannan na iya zama ciwon baifola, wanda maganinsa daban ne, kuma wasu hanyoyin da za a ambata nan gaba suna iya tayar da shi. Haka mace mai ciki ko mai jego ta nemi a duba ta da wuri, tunda fiye da kashi 10 cikin 100 na mata a wannan hali suna gamuwa da ciwon.

Idan ka shiga wurin likita, ka yi bayani da lokaci da misali. Cewa "Likita, mako uku ke nan ba na jin daɗin komai, ina farkawa ƙarfe uku na dare in kasa komawa barci, kuma aikina ya fara lalacewa" ya fi taimaka masa nesa ba kusa ba a kan cewa "ba na jin daɗin jikina". Wanda kuma ya riga ya fara shan maganin damuwa, kada ya yanke shi da kansa don zai gwada waɗannan matakai. Yankewa farat ɗaya tana haddasa jiri da fargaba da rashin barci, kuma duk abin da ke cikin wannan jagora ana iya yin sa tare da magani.

Mataki na biyu: rubutun mako guda

Ka sami ɗan littafi, ka yi mako guda kana rubuta abu uku kawai: lokacin da ka kwanta da wanda ka tashi, abin da ka yi a kowane sashe na yini, da makin yanayin ranka daga 0 zuwa 10 a lokacin. Layi ɗaya ya isa, misali "ƙarfe 10 zuwa 12, kwance da waya, maki 2", sannan "ƙarfe 5, na fita sayo sabulu na gaisa da mutum biyu, maki 4". A ƙarshen mako za ka ga cewa ranakun da kake zaton duk baƙi ne suna da hawa da sauka, kuma hawan da saukar suna bin abin da kake yi. Daga wannan littafi za a ɗauko kayan aikin mataki na huɗu.

Mataki na uku: lokacin tashi da hasken safiya

Rashin barci da ciwon damuwa suna ciyar da juna, kuma bincike ya nuna cewa mai fama da rashin barci na tsawon lokaci yana da haɗarin kamuwa da damuwa kusan ninki biyu na wanda ke barci lafiya. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙoƙarin tilasta wa kai barci da wuri, alhali barci ba ya zuwa da umarni. Abin da ke hannunka shi ne lokacin tashi. Ka zaɓi lokaci ɗaya, ka tashi a kansa kowace rana har da ranakun hutu, ko da daren ya yi maka wuya, domin da wannan ne agogon jiki yake daidaita kansa, kuma bayan kwanaki barcin dare yakan fara zuwa da kansa a kan kari.

Cikin sa'a guda da tashi, ka fita waje ka yi minti ashirin zuwa talatin a cikin hasken rana. Bambancin hasken ɗaki da na waje ya fi yadda ido ke nunawa: ɗaki mai fitila yakan tsaya a 'yan ɗaruruwa a ma'aunin haske na luks, waje kuwa ko da hadari yakan haura dubu, rana tsaka kuma dubbai masu yawa. A ƙasashen da hunturu ke gajarta yini ana amfani da akwatin haske mai luks 10,000 na tsawon minti 20 zuwa 30 da safe, musamman ga irin damuwar da ke zuwa da sanyi, wadda likitan ƙwaƙwalwa Norman Rosenthal da abokan aikinsa suka bayyana a Amurka a 1984. Mai ciwon ido ko mai baifola ya tuntuɓi likita kafin ya gwada irin wannan akwati.

Sauran ƙa'idojin barci sanannu ne. Sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da shayi da lemunan ƙara kuzari yakan ɗauki kimanin sa'a biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka a daina shan su daga tsakar rana. Barcin rana kada ya wuce rabin sa'a. Idan ka kwanta ka yi kamar minti ashirin barci bai zo ba, ka tashi ka zauna a wani wuri mai ƙarancin haske ba tare da waya ba, sai ka ji barci ya fara fizgarka sannan ka koma, domin kada ƙwaƙwalwa ta saba ɗaukar shimfiɗa a matsayin wurin saƙa da warwara.

Mataki na huɗu: aiki kafin sha'awa

Wannan shi ne ginshiƙin shirin gaba ɗaya, kuma shi ne ya fi saɓa wa abin da zuciya ke raya wa mai damuwa. Zuciya tana cewa ka bari sai ka ji daɗi sannan ka fita, ka kira abokinka, ka koma sana'arka. To amma ciwon ya riga ya kashe sha'awar da kake jira, kuma duk ranar da ka janye daga wani aiki ka rage wa kanka wata ƙofar jin daɗi, ka kuma ƙara tarin abubuwan da za ka zargi kanka a kansu. Masanin halayyar ɗan'adam Peter Lewinsohn ne ya fayyace wannan zagaye a shekarun 1970, kuma daga nan aka gina hanyar jinya da ke juya tsarin: a fara yin aikin ko babu sha'awa, sha'awar ta biyo baya. A wani babban gwaji da aka yi a Ingila da mutane 440, wanda aka wallafa a 2016, an ga cewa wannan hanya, ko da ƙananan ma'aikatan lafiya ne suka koyar da ita, ba ta gaza jinyar gyara tunani da ƙwararru ke yi ba bayan shekara guda.

Ga yadda ake yi. Ka koma littafinka ka fitar da ayyukan da makinka ya ɗan ɗaga a lokacinsu, ka ƙara da waɗanda ka daina yi tun da ciwon ya fara. Ka raba su gida uku: na jin daɗi, kamar sauraren abin da kake so ko kula da shuka, na wajibi, kamar biyan wani kuɗi da ya daɗe yana jiranka, da na yau da kullum, kamar wanka da wanki. Daga nan ka zaɓi biyu ko uku mafi sauƙi don makon farko, ka rubuta kowanne da rana da lokaci da tsawonsa. "Zan riƙa zumunci" ba shiri ba ne. "Ranar Talata ƙarfe biyar zan kira ƙanwata in yi minti biyar muna magana" shi ne shiri, saboda idan lokacin ya yi babu sauran shawarar da za a yanke.

Idan aiki ya gagara, a rage girmansa har ya kai inda ba za a iya cewa a'a ba. Wanda ɗakinsa ya hargitse na tsawon makonni kada ya sa wa kansa gyaran ɗaki, ya sa wa kansa kwashe kayan da ke kan kujera ɗaya. Wanda ke tsoron buɗe saƙonnin da suka taru ya buɗe ɗaya ya amsa da layi biyu. Bayan kowane aiki ka rubuta makinka, kuma kada ka yi mamaki idan a makon farko makin bai motsa ba. A wannan mataki nasara ita ce an yi aikin, jin daɗin yakan makara da mako biyu ko uku. A ganina nan ne mutane suka fi yanke ƙauna, domin sun yi abin da aka ce amma ba su ji komai ba, alhali rashin jin komai yana cikin alamomin ciwon da ake yaƙa.

Mataki na biyar: motsa jiki

A 1999 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka sun raba mutane 156 masu shekara 50 zuwa sama, dukansu masu ciwon damuwa, gida uku: wasu motsa jiki sau uku a mako, wasu maganin damuwa mai suna sertraline, wasu kuma duka biyun. Masu shan magani sun fi saurin samun sauƙi a farko, amma bayan mako 16 rukunonin uku sun kai kusan wuri ɗaya. A 2024 kuma mujallar likitanci ta BMJ ta wallafa nazarin da ya tattara gwaje-gwaje 218 masu mutane fiye da 14,000, inda tafiya da sassarfa da yoga da ɗaga nauyi suka nuna amfani a fili, kuma amfanin ya ƙaru gwargwadon ƙarfin motsin. Da yawa daga gwaje-gwajen ƙanana ne, don haka kada a ɗauka motsa jiki zai wadatar da kowa, amma cikin duk hanyoyin da ba na ƙwaya ba yana cikin waɗanda hujjarsu ta fi kauri.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya shi ne minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu. Matsakaicin motsi shi ne wanda za ka iya magana a cikinsa amma ba za ka iya rera waƙa ba. Wannan adadi wurin zuwa ne, ba wurin farawa ba. Ka fara da tafiyar minti goma a rana, ka haɗa ta da fitar safiya ta mataki na uku don ka sami haske da motsi a fita ɗaya, sannan ka ƙara minti biyar kowane mako har ka kai minti talatin sau biyar a mako. Ka ajiye takalmi da tufafin fita tun da dare, kuma idan da hali ka sami abokin tafiya, tunda ya fi wuya a saɓa wa wanda ke tsaye yana jira. Mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba ya nemi izinin likita kafin ya shiga motsi mai ƙarfi.

Mataki na shida: abinci da abubuwan sa maye

A 2017 Felice Jacka da abokan aikinta a Jami'ar Deakin ta Ostareliya sun gwada gyaran abinci a kan mutane 67 masu ciwon damuwa na tsawon mako 12. Kashi 32 cikin 100 na waɗanda aka koya wa gyara abincinsu sun warware, a rukunin da ba a koya wa gyaran abinci ba kuwa kashi 8. Gwajin ƙarami ne, kuma yawancin mahalartansa suna kan magani ko wata jinya, amma abin da aka ba su shawara a kai ba shi da haɗari ga kowa: yawaita ganyaye da 'ya'yan itatuwa da hatsin da ba a cire masa dusa ba da wake da kifi, a rage kayan zaƙi da soye-soye da abincin gwangwani. Ga wanda ciwon ya ɗauke wa sha'awar ci, abin da ya fi gaggawa shi ne ya ci wani abu sau uku a rana a kan lokaci, ko da kaɗan ne.

Giya da tabar wiwi da magungunan kashe ciwo masu sa maye irin su tiramadol da kodin suna kawo sauƙin sa'o'i kaɗan, sannan su lalata barci, su zurfafa ƙunci washegari, su kuma rage wa mutum kamun kai a lokacin da mugun tunani ya zo. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa kullum kada ya yanke farat ɗaya ba tare da kulawar likita ba, domin yankewar kanta tana iya haddasa farfaɗiya.

Mataki na bakwai: tunanin da ke juyawa wuri ɗaya

Mai damuwa yakan shafe sa'o'i yana nanata tambayoyin da ba su da amsa: me ya sa ni, me ya sa na yi kaza, yaushe zan zama kamar kowa. Yana ganin kamar neman mafita yake yi, alhali ƙara nutsewa yake yi. Hanya mai sauƙi ta rarrabewa ita ce ka tambayi kanka bayan minti biyu ko tunanin ya kai ka ga wani abin da za ka iya yi. Idan ya kai, ka rubuta abin ka sa masa lokaci. Idan bai kai ba, ka tashi daga inda kake ka kama wani aiki na hannu. Wasu kuma suna ware minti goma sha biyar a yini, ba dab da kwanciya ba, su zauna su rubuta duk abin da ke damunsu, ta yadda idan tunanin ya zo a wani lokaci za su ce masa ya jira lokacinsa.

Akwai kuma horon tattara hankali, inda mutum ke zama minti goma yana bin shigar numfashinsa da fitarsa, duk lokacin da tunani ya ja shi sai ya lura ya dawo ba tare da zargin kansa ba. Masana halayyar ɗan'adam Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale sun gina shirin mako takwas a kan wannan, kuma a wani gwaji na mutane 424 da aka wallafa a 2015, kashi 44 cikin 100 na waɗanda suka bi shirin ne ciwon ya dawo musu cikin shekara biyu, a masu ci gaba da shan magani kuwa kashi 47. A lura cewa ƙarfin wannan horo yana wajen hana dawowar ciwo. Wanda ke tsakiyar ƙunci mai tsanani zaman shiru yana iya ƙara masa nauyi, gara ya fara da motsi.

Ga mai imani, ibada da addu'a suna ba yini tsari, suna kuma riƙe fata a lokacin da komai ya yi duhu. Abin da za a kiyaye shi ne kada a mayar da ciwon hujjar raunin imani, domin zargin kai yana cikin alamominsa, kuma ƙara wa mai shi wani laifin ba ya kusantar da shi ga sauƙi.

Mataki na takwas: mutane

Ciwon yana raya wa mutum cewa kowa ya gaji da shi, sai ya ɓuya, ɓuyan kuma ya tabbatar masa da zatonsa. Ka zaɓi mutum ɗaya mai riƙon sirri ka faɗa masa halin da kake ciki, ka kuma gaya masa takamaiman abin da kake so: ya kira ka kowace Alhamis, ko ya raka ka tafiyar safe, ko ya saurare ka ba tare da ya yi maka wa'azi ba. Mutane da yawa suna son taimakawa, hanyar ce ba su sani ba.

Ba dole sai ƙwararre ne zai iya wannan ba. A birnin Harare na Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna taimaka wa masu damuwa su zayyana matsalolinsu, su zaɓi ɗaya, su tsara yadda za su tunkare ta. A gwajin da aka wallafa a 2016 da mutane 573, waɗanda suka yi irin wannan zama sun fi sauran samun sauƙi da rata mai yawa bayan wata shida. Idan tushen damuwarka bashi ne, ko rashin aiki, ko cin zarafi a gida, to tunkarar wannan matsala tare da wani yana cikin jinyar, kuma babu adadin tafiyar safe da zai maye gurbinsa.

Mataki na tara: ganye da ƙarin sinadarai

An bar wannan zuwa kusan ƙarshe da gangan, domin nan ne talla ta fi yawa, haɗari ma ya fi yawa. Ganyen da aka fi bincika shi ne St John's wort, wanda masana tsirrai ke kira Hypericum perforatum. Nazarin da cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon gwaje-gwajen lafiya, ta fitar a 2008 a kan gwaje-gwaje 29 ya nuna yana da amfani a ƙaramin ciwo da matsakaici. Sai dai yana sa hanta ta yi saurin narkar da wasu magunguna, ta yadda yake rage ƙarfin ƙwayoyin tsarin iyali, da warfarin mai tsinka jini, da wasu magungunan cutar ƙanjamau, da waɗanda ake ba wanda aka yi wa dashen gaɓa. Idan kuma aka haɗa shi da maganin damuwa na asibiti yana iya sa sinadarin sirotonin, wanda ke isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, ya yi yawa har ya kai ga zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa. Saboda haka, da kuma bambancin ƙarfinsa daga kwalba zuwa kwalba, hukumar NICE ba ta ba da shawarar amfani da shi.

Man kifi mai omega-3 yana da ɗan amfani a wasu gwaje-gwaje idan an ƙara shi a kan magani. Bitamin D kuwa, a wani gwajin Amurka na mutane fiye da 18,000 da aka wallafa a 2020, shansa kullum bai hana kamuwa da damuwa ba, don haka amfaninsa yana ga wanda gwaji ya nuna yana da ƙarancinsa. Duk abin da za ka sha, ka kai kwalbar wurin likita ko mai haɗa magunguna tare da jerin sauran magungunanka, musamman idan akwai ciki ko shayarwa.

Mataki na goma: awo bayan mako huɗu zuwa shida

Kada ka ɗauki matakan nan duka a rana ɗaya. Makon farko na rubutu ne, na biyu na lokacin tashi da fitar safe, na uku na ayyuka biyu ko uku da aka tsara, sauran kuma su shigo ɗaya bayan ɗaya. Bayan mako huɗu zuwa shida da farawa, ka sake cike takardar PHQ-9. Idan makinka ya sauka da biyar ko fiye, shirin yana aiki, ka ci gaba ka ƙara a hankali. Idan bai motsa ba, ko ya hau, ko aikinka da gidanka sun ci gaba da taɓarɓarewa, ka koma wurin likita a tattauna jinyar magana da ƙwararre ko magani, ko a haɗa biyun, wanda shi ne abin da ake ba da shawara a ciwo mai tsanani. Maganin damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin tasirinsa, kuma ana ci gaba da shi aƙalla wata shida bayan samun sauƙi.

Kusan rabin waɗanda suka taɓa yin ciwon sau ɗaya yakan dawo musu, don haka idan ka sami sauƙi ka zauna ka rubuta takarda guda tun kana da natsuwa. A cikinta ka lissafa alamomin da suka fara bayyana a karon da ya wuce, wataƙila farkawar tsakar dare, ko ƙin ɗaukar waya, ko barin wanka, sannan matakai biyu ko uku da suka fi yi maka aiki, da sunan asibitin da za ka je da lambar da za a kira idan abin ya yi gaggawa. Ka ba mutumin da ka zaɓa a mataki na takwas kwafin takardar, ku kuma yi yarjejeniya tun yanzu cewa idan ya ga biyu daga cikin alamomin sun wuce mako guda, yana da izinin ya yi maka magana ya kuma raka ka wurin likita.